Takardar 'yan sanda don bizar zama a Kanada: ta Najeriya kaɗai ba za ta ishe ka ba

Wani ɗan'uwa ne ya turo tambaya daga Kano. Mai harhaɗa magunguna ne, ya samu gayyatar Express Entry ta Kanada, wato tsarin da ake ba ma'aikata maki a jera su a layi, a gayyaci masu maki sama su nemi zaman dindindin, yana da mata da yara biyu ƙanana. Ya yi digirinsa a Khartoum ya baro shekara 9 da suka wuce, ya yi mastas na shekara ɗaya a Ingila, sannan ya yi aikin shekara 3 a wani asibiti a Jidda, yanzu ya dawo gida. Yana riƙe da takardar 'yan sandan Saudiyya, wato mai nuna ko mutum yana da tarihin laifi, da ya karɓa wata biyu kafin ya baro. Wani ejan ya ce masa ya turo kuɗi da hoton fasfo kawai zai fito masa da ta Najeriya ba sai ya je ko'ina ba. Sannan ya taɓa kwana ɗaya a caji ofis kan hatsarin mota da mai adaidaita sahu, aka sasanta aka rabu. Yana tambaya wace takarda ake so, ya yarda da ejan ɗin, kuma dole ne ya faɗi zancen caji ofis?

Wa alaikumus salam Malam, Allah ya sanya alheri a wannan gayyata. Bari in fara da abin da zai fi ɗaga maka hankali tunda gara ka ji shi yau, kai takarda huɗu ake nema a wajenka ba ɗaya ba, kuma ta Najeriya da ka fi damuwa da ita ita ce mafi sauƙi a cikinsu. Dokar hukumar shige da fice ta Kanada, IRCC, a tsarin Express Entry ita ce duk ƙasar da ka zauna wata 6 ko fiye a jere cikin shekara 10 da suka wuce, kuma ka riga ka kai shekara 18 a lokacin, to sai ka kawo takardar 'yan sandanta. Kaga Najeriya ta shiga, Saudiyya ta shiga, Ingila ta shiga, Sudan ma ta shiga tunda shekara 9 bai fita daga cikin 10 ba. Uwargida ita ma lissafinta daban za a yi mata, in ta bi ka Jidda ta zauna wata 6 to ita ma tana buƙatar ta Saudiyya ban da ta Najeriya. Yara ba ruwansu tunda ba su kai 18 ba. Hajji da umara ba sa shiga lissafi sai in mutum ya zarce ya zauna.

Kuma kwana 60 ne kacal a hannunka daga ranar da gayyatar ta shigo. Wannan shi ya sa nake yawan faɗa wa mutane tun suna cikin layin jira su fara neman takardun ƙasashen da suka baro, don waɗancan ba sa lalacewa muddin ba ka koma ka sake zaman wata 6 ba. Amma tunda abin ya riga ya zo, yau ɗin nan ka fara da masu wuya, ta gida ta biyo baya.

Ta Ingila ba matsala. Ofishin da ake kira ACRO shi ke bayar da ita, ta intanet za ka cike daga ɗakinka, za su nemi hoton fasfo ɗinka, hotonka, adireshin da ka zauna da shaidar inda kake zaune yanzu, ka biya da kati. Abin da zan ja maka kunne a kai, kar ka ɗauko takardar DBS da wataƙila aka yi maka lokacin da kake ɗan aiki a can kana ɗalibi ka ce ai ita ce, waccan ta masu ɗaukar aiki ce, Kanada ta ACRO take so. In ta fito an rubuta "No Trace" shikenan ba komai a kanka. In kuwa "No Live Trace" aka rubuta to akwai wani tsohon abu a rajistarsu ko da gargaɗi ne, kuma jami'in zai nemi bayani, gara ka riga shi.

Ta Saudiyya ce nake so mu ɗan tsaya a kai, don nan ne mutanenmu da yawa da suka yi aikin asibiti ko koyarwa a can suke faɗawa. Kana ganin ka yi dabara ka karɓa kafin ka taho, kuma wallahi tunani ne mai kyau don mai iƙama, wato katin izinin zama, a hannu ya fi samun ta cikin sauƙi, amma ka duba yadda IRCC ta rubuta sharaɗin: takardar ƙasar da ka baro dole a ce an fitar da ita bayan zamanka na ƙarshe na wata 6 a can. Taka an fitar da ita kana ciki, ka ƙara wata biyu a ƙasar bayan ranar da ke jikinta, to a idon jami'in waɗannan wata biyun ba wanda ya shaide ka a cikinsu. Kar ka jefar da ita, amma kar ka ɗora ta ita kaɗai ka yi shiru. A shafin IRCC akwai wajen da suka jera ƙasashe ɗaya bayan ɗaya da yadda ake neman takardar kowacce, ka buɗe na Saudiyya ka karanta sashen wanda ba ɗan ƙasa ba kuma ya riga ya fita, abin da suka ce a nan shi za ka bi ba abin da ake yaɗawa a guruf ɗin WhatsApp ba. Sannan ka tattaro kwafin iƙamarka, takardar huruj niha'i wato bizar fita ta ƙarshe, shafin fasfo mai hatimin fita, da wasiƙar asibitin da ta nuna ranar da ka fara da ranar da ka ajiye aiki. Ka haɗa su da tsohuwar takardar da wasiƙar bayani a fayil ɗaya.

Sudan kuma kowa ya san halin da ake ciki tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, Khartoum ɗin da ka yi karatu ita ta fi shan wuya, Allah ya kawo musu zaman lafiya. Kanada ba ta ce ka yi abin da ba zai yiwu ba, amma tana so ta ga ka yi ƙoƙari na gaske, kuma ƙoƙarin sai da shaida. Ka rubuta wa ofishin jakadancin Sudan da ke Abuja, in da hali ka je da kanka ka miƙa takarda a buga maka hatimin karɓa a kwafinka, ka ajiye duk imel ɗin da ka tura da amsar da aka ba ka ko da amsar ita ce ba za su iya ba. Sai ka rubuta wasiƙar bayani gajera, ranar da ka shiga Sudan, ranar da ka fita, makarantar da ka yi, matakan da ka bi da ranakunsu, ka ɗora a gurbin da aka ware wa takardar Sudan. Kar ka bar gurbin fayau. Kuma kar ka cika wasiƙar da roƙo da labarin wahalar rayuwa, jami'in kwanan wata da shaida yake nema. Hukuncin karɓa ko ƙi yana hannunsa, amma fayil mai shaidar ƙoƙari da fayil mai gurbi a buɗe ba ɗaya ba ne ko kusa.

Na san abin da wani zai raɗa maka, wai ai kana dawowa hutu gida duk shekara saboda haka ba ka taɓa yin wata 6 a jere ba, ko kuma ka ɗan matsar da ranar barowarka baya ta fita daga shekara 10 a huta. Dan Allah kar ka soma. Satifiket ɗinka da ka kai aka tantance yana ɗauke da shekarar da ka gama, fasfo ɗinka yana ɗauke da hatimi, fom ɗin kuma yana neman tarihin adireshinka da ayyukanka ba tare da giɓi ba, kuma jami'in yana da ikon ya nemi takardar ko wace ƙasa ka zauna tun daga shekara 18 ko da ta wuce shekara 10 ɗin. Ni a ganina wannan shi ne asalin abin da mutane ba su gane ba game da takardar 'yan sanda, suna ɗaukarta kamar ita ce ke wanke mutum, alhali jami'in ɗora ta yake a gefen fom ɗinka da fasfo ɗinka ya ga ko labarin ɗaya ne. In ranaku suka saɓa, takarda mai tsabta ba za ta cece ka ba.

In takarda cikin Larabci ta zo, sai an fassara ta zuwa Turanci ko Faransanci. Kai ka iya Larabci na sani, amma ba a yarda ka fassara da kanka ba, haka matarka ko ɗan'uwanka. Mai fassara mai rajista za ka nema, in ba mai rajista ba ne sai ya haɗa da afidabit na rantsuwa cewa fassarar daidai ce, a ɗora fassarar tare da kwafin ta asali.

To mu dawo gida. Sunan takardar Police Character Certificate, kuma yanzu ta shafin POSSAP na rundunar 'yan sandan Najeriya ake nemanta, possap.gov.ng. Da can sai mutum ya niƙi gari zuwa Alagbon a Ikoyi ta Legas inda babbar rajistar masu laifi take, ko Area 10 a Abuja, yanzu abin ya sauƙaƙa. Ka buɗe akawun da sunanka da lambar NIN ko BVN ɗinka, ka zaɓi takardar, ka cike dalilin nema da ƙasar da za ka, ka ɗora shafin bayanai na fasfo da hoto, shafin zai fitar maka da lambar biya, ka biya ta wannan lambar ba cikin akawun wani mutum ba, ka ajiye rasit. Daga nan sai zuwa ɗaukar hoton yatsu a wajen da ka zaɓa cikin waɗanda shafin ya nuna. Ka tafi da fasfo ɗinka na asali da rasit a buge. Uwargida ita ma nata daban, kuɗinta daban, yatsunta daban, kuma ta haƙura da sabon lalle a kan yatsu har a gama don kar na'ura ta yi ta ƙin ɗauka a ce ku dawo wani satin.

Ka lura wannan ɗaukar yatsun ba ita ce wadda Kanada za ta kira ku ku yi a cibiyar biza ta Abuja ko Legas ba bayan kun miƙa fayil, abu biyu ne daban, mutane na yawan haɗa su.

Kan lokaci, takardar ƙasar da kake zaune a ciki dole kar ta wuce wata 6 da fitowa a ranar da ka danna tura fayil, sannan ita ta Najeriya wa'adin da ke rubuce a jikinta wata 3 ne. Tunda kana da kwana 60 in ka nema yanzu kana ciki lafiya lau. Wanda zai shiga matsala shi ne wanda ya yi ta tun bara yana jiran gayyata, wannan sai ya sake.

Yanzu zancen ejan. Amsata a'a ce, kuma ba don ina ƙin a taimaki mutum ba. In yaron shagon intanet ya taya ka cike fom kana zaune kusa da shi kana duba abin da yake bugawa ba laifi. Amma wanda ya ce ba sai ka je ba, ka tambayi kanka yatsun wa za a ɗauka? Duk amfanin takardar shi ne an gwada yatsunka da rajista an ga ba ka ciki. In ba a ɗauki naka ba, ko dai an buga takardar a firinta an manna hatimin bogi, ko an sa yatsun wani da sunanka, kuma duka biyun kai za su faɗo wa ba shi ba. Sashe na 40 na dokar shige da fice ta Kanada ya ce wanda ya ba da bayanin ƙarya ko takardar jabu za a haramta masa shiga na shekara 5, kuma ba a karɓar uzurin ai ejan ne ya yi ban sani ba, fayil naka ne, kai ka sa hannu. Bayan haka a fom ɗin bizar wasu ƙasashen da za ka cike a rayuwarka, irin na Ingila, akwai tambayar an taɓa hana ka biza, dole ka amsa. Mutum ya yi jarrabawar Turanci ta IELTS, ya biya kuɗin tantance satifiket, ya tara kuɗin banki shekara da shekaru, sai ya zubar da su duka don gudun yini ɗaya a layi, abin yana min ciwo sosai duk lokacin da na gani. Kuma ka sani duk mai karɓar kuɗi don ya ba ka shawara ko ya wakilce ka kan shige da ficen Kanada dole ya zama lauya ko makamancinsa mai lasisin can, ko mai rajista da CICC, hukumar da ke kula da masu ba da shawara kan shige da ficen Kanada, kuma ana iya duba sunansa a shafinsu kyauta.

Sai matsalar da ta fi kama mu 'yan Arewa, wato suna. Mutum ɗaya a NIN shi ne Muhammad, a fasfo Mohammed, a satifiket ɗin Sudan an rubuta shi yadda Larabawa suka ga dama, a iƙama kuma an jera sunan uba da na kaka. Wani a sakandare ya sa sunan garinsu a matsayin sunan ƙarshe daga baya ya cire. Ga ranar haihuwa, da yawanmu 1 ga Janairu aka rubuta mana a wata takardar, wata kuma ranar gaskiya. Ma'auninka fasfo ne, duk abin da za a buga a takardar 'yan sanda ya zama harafi da harafi irin na fasfo, har da lambar fasfon, kuma ka karanta da idonka kafin ka bar wajen. In takardun waje sun zo da wani rubutun daban, ka je babbar kotu ka yi afidabit cewa duk sunayen mutum ɗaya ne, sannan a fom ɗin akwai wajen da ake tambayar ko ka taɓa amfani da wani suna, ka rubuta su duka. Uwargida in ta koma amfani da sunanka bayan aure, sunan gidansu ma sai ya fito a nan, da takardar aure.

Zancen caji ofis kuwa, e, ka faɗa. Akwai bambanci tsakanin abin da takardar 'yan sanda za ta nuna da abin da fom ya tambaye ka. Mai yiwuwa takardarka ta fito fes tunda ba a kai ka kotu ba balle a yanke hukunci, amma tambayoyin fom ɗin ba su tsaya kan hukunci ba, akwai wadda ke tambayar ko an taɓa tsare ka ko kulle ka, kuma kwana a bayan kanta tsarewa ce. Ka amsa da gaskiya ka yi bayani a layi uku ko huɗu, hatsari ne, ga wata da shekara, an sasanta, ba a gurfanar da ni ba. In za ka iya komawa ofishin ka samo ɗan rahoto ko kwafin yarjejeniyar sasancin da kuka sa wa hannu, ya ƙara kyau. Kwana ɗaya kan hatsarin da ba a kai kotu ba ba shi ne ke hana mutum Kanada ba, ɓoyewar ce in ta fito take zama babban laifi.

Ga masu karantawa da nasu ya kai kotu, majistare ce ko kotun shari'ar Musulunci, ku je wajen rajistara ku nemi kwafin hukuncin mai hatimi, wanda lauyoyi ke kira CTC, ko da sallamarku aka yi. Kanada tana ɗaukar abin da aka ce ka aikata ta auna shi da dokarta, in abin ba laifi ba ne a can to ba ya hana ka, in kuwa laifi ne sai a duba girmansa. Tuƙi cikin maye misali tun Disambar 2018 ya koma sahun manyan laifuka a wajensu. Wanda aka taɓa yanke wa hukunci ma ƙofa ba ta rufe gaba ɗaya ba, bayan shekara 5 da gama hukuncin yana iya neman a ɗauke shi a matsayin wanda ya gyaru, amma wannan aikin lauya ne ba na shagon intanet ba. Haka wanda aka taɓa kamawa a Saudiyya ya zarce bayan umara aka maido shi gida, fom yana tambayar ko wata ƙasa ta taɓa korarka, a nan ma gaskiya za a faɗa.

Wani zai ce maka sai ka kai takardar Ma'aikatar Harkokin Waje a Abuja an buga mata hatimi. Wannan gaskiya ne ga wasu ƙasashen, musamman na Larabawa da wasu na Turai, tunda Najeriya ba ta cikin yarjejeniyar Apostille, wadda ke sa ƙasashe su yarda da takardun juna da hatimi ɗaya, sai an bi ta ma'aikatar da ofishin jakadanci, amma Express Entry ba ta sa wannan sharaɗin ba, kar ka ɓata kwanakinka a kai. Kuma kowace ƙasa da awonta, Ingila ga ma'aikatan lafiya da malamai wata 12 take ƙirgawa cikin shekara 10, saboda haka shawarar abokinka nas da ya tafi Manchester ba lallai ta yi maka aiki ba. 'Yan'uwanmu na Nijar su kuma tasu daga kotu take fitowa ba daga 'yan sanda ba, ita ce casier judiciaire, kuma tunda da Faransanci take ba ta buƙatar fassara.

Wajen ɗorawa, takardar asali za ka yi wa sikanin mai kala, kowane shafi gaba da baya in akwai rubutu, gefuna su fito, hatimi ya karantu. Baƙi da fari ko fotokwafi ana iya ƙin karɓa, kuma in aka ce fayil bai cika ba mayar maka da shi ake yi, gayyatar ta tafi, ka koma layi da makin da wataƙila ya ragu tunda daga shekara 30 makin shekaru sauka yake duk shekara, ga IELTS da ke mutuwa bayan shekara 2. In kwana 60 ya kusa cika wata takardar ba ta iso ba, ka ɗora rasit da shaidar ka nema da wasiƙar bayani, ranar da ta iso ka tura musu ta fom ɗin tuntuɓa na shafinsu da lambar fayil ɗinka. In kuwa ka ga abubuwa da yawa ba za su haɗu ba kuma makinka yana da ƙarfi, akwai damar ka ƙi karɓar gayyatar da kanka ka koma layi ka jira wata, ya fi ka tura fayil mai ramuka. Takardun asali kuma ka adana su a gida kar ka ba kowa, ana iya nemansu daga baya. In ka samu amsar ofishin jakadancin Sudan ka sake turo min abin da suka ce mu ga yadda za a tsara wasiƙar.